POS ya cika, Napep ta cika, to ina mai ƙaramin jari zai sa kansa a Katsina?

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema don Allah, kuma wanda ya san harkar ya faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Na gama digiri na yi bautar ƙasa, takardun neman aiki kuwa na kai har na gaji, duk inda ka je sai a ce ajiye za a neme ka, shiru kake ji. Yanzu an raba mana gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kasona ya kama wajen dubu ɗari bakwai, kuma Hajiyarmu ta ce kada in kuskura in taɓa ko sisi sai na san abin da zan yi da su.

Tunanina na farko POS ne don shi ba ya buƙatar wani dogon koyo. To amma da na fita na duba da idon mai neman wuri, wallahi daga bakin layinmu zuwa titi kusan kowace inuwa akwai lema da tebur da ɗan mashin, mai tireda na da shi, mai kyamis na da shi, har mai shayin unguwarmu in ka ce ba ka da kuɗi a hannu sai ya zaro nasa daga aljihu. Na ce to Napep fa, aka ce kuɗin nan ko ƙafar sabuwa ba su kama ba, kuma ku dubi yadda suke jere a Ƙofar Ƙaura da bakin babbar kasuwa ana rububin fasinja ɗaya. Cajin waya da sai da data haka, wankin mota haka. Koyarwa a makarantar kuɗi kuwa an yi min tayi, albashin da aka faɗa min ko man mashin ba zai riƙe ni ba zuwa ƙarshen wata.

Abin da ya ɗaure min kai, kullum a rediyo sai ka ji ana cewa ɓangaren ayyukan hidima, su banki da sadarwa da sufuri da ciniki, shi ne ya fi noma ya fi man fetur girma a tattalin arzikin Najeriya. To in haka ne ina aikin yake? Me ya sa duk sana'ar da ka leƙa sai ka tarar mutum goma sun riga ka? In shiga POS ɗin haka nan in yi ta maza, ko akwai abin da ban hango ba?

Mai Lema ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi jiƙan baba shi sa ya huta. Ni ke cikin harkar nan tun kafin canjin kuɗi, don haka bari in faɗa maka yadda take daga ciki ba yadda ake hangenta daga titi ba.

Waɗanda ka gani sun cika layinku, yawancinsu 2023 ta kawo su. Ka tuna lokacin da Emefiele, gwamnan babban banki na wancan lokacin, ya canza takardun dubu ɗaya da ɗari biyar da ɗari biyu, tsabar kuɗi ta ɓace daga Janairu har cikin Maris, mutum shina da kuɗi a akawun amma ba shi iya sayen koko. A lokacin an caji mutane dubu ɗaya har dubu biyu a kan dubu goma, wasu suka sayi mashin wasu suka yi aure da kuɗin wata biyu, shi ke nan kowa ya ce ai nan arziki yake. Kamfanonin kau, su Moniepoint da OPay da PalmPay, gasa suke tsakaninsu ta wa zai fi baza mashin, don su ba su da asara in mun yi yawa, ko wajen wa kwastoma ya cira suna da kasonsu. Mu ne muke cin naman junanmu.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. In an cire dubu biyar ɗari muke amsa, dubu goma ɗari biyu, wani ma don shi janye maka kwastoma sai shi amshi ɗari. Cikin nan kamfani zai cire nashi. Gwamnati ta zo da naira hamsin ɗinta a kan taransifa daga dubu goma zuwa sama, tun Disamba 2024 aka haɗa har da waɗannan kamfanonin. Sannan ita tsabar kuɗin da za ka ba mutane ina za ka samo ta? Ka je banki ka yi layi rabin yini a ba ka abin da bai taka kara ya karya ba, dole ka koma gidan mai ko wajen 'yan kasuwar hatsi ka saye ta, su ma sun waye suna ɗora nasu. Ga data, ga takardar risit, ga kuɗin wuri, ga rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da aka tilasta mana a 2024, ga dokar babban banki ta cewa kada ka ba mutum ɗaya sama da dubu ɗari a rana. In ka ɗora yaro kau ka ƙara da abincinshi da ɗan abin da zai ɓace wanda ba za ka taɓa gane inda ya bi ba.

Kuma duk wannan mai sauƙi ne a kan alat na bogi. Yaro tsaf-tsaf da shi zai zo da magariba lokacin da mutane suka taru maka, shi nuna maka waya an rubuta kuɗi sun tafi, kai kana sauri ka ƙirga ka miƙa, sai dare kana haɗa lissafi ka ga dubu talatin babu su babu dalilinsu, ribar sati guda ke nan ko fiye. Ko tsohuwa ta kawo katinta, banki ya zare kuɗin amma bai shigo maka ba, ta zauna kan bencinka ta ce ba inda za ta sai ka ba ta, kai ta sani ba ta san wani banki ba. Babbar masifar kau a jihar nan ita ce wani shi turo kuɗi ta hannunka ashe na fansa ne ko na sata, sai dai ka ga an zo an tafi da kai kana rantse-rantse.

Ban ce babu samu ba hwa, da shi nake ci da iyalina. Amma ni na riga na kama wuri kuma ina da mutanena da ba su zuwa wajen kowa. Kai da za ka fara yau da kuɗin marayu, ni dai ban ba ka shawara ba, sai in za ka haɗa shi da wani abu, ya zama POS ɗin ɗan rakiya ne.

Na Tsohuwar Tasha ya amsa:

Hhhh Mai Lema kai ma dai tsoron kishiya kake, kada yaro ya zo ya kafa lema kusa da taka. Ɗan'uwa ka sayi tumaki kawai ka ɗaure a gida kafin babbar sallah, su dai ba ruwansu da netwok.

Malam Na Batagarawa ya amsa:

Ɗan Ƙofar Marusa, tambayarka ta biyu ita ta fi jan hankalina, don ita ce ba a cika yi ba. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne. Tun 2014 da aka sake lissafin tattalin arzikin ƙasar nan, lokacin da aka ce ya kai dala biliyan 510 mun wuce Afirka ta Kudu, aka ga ashe kusan rabin abin duk daga ayyukan hidima yake fitowa, kuma har yau hukumar ƙididdiga ta NBS sama da rabi take ba ɓangaren. Amma ƙarƙashin wannan suna guda mutum biyu ne da ba su haɗa komai ba. Akwai na sama, kamfanonin waya da bankuna, masu juya tiriliyoyi da ma'aikata 'yan kaɗan. MTN tana da layuka sama da miliyan 70 a Najeriya, ma'aikatanta na dindindin kuwa ba su kai dubu uku ba, don aikin na'ura ke yi da ƙarfen sabis. Sai na ƙasa, inda ni da kai muke gani, mai acaɓa, mai aski, tela, mai wanki da guga, ɗan garuwa, mai POS, nan jama'a suke jibge amma abin da kowa ke samu ɗan kaɗan ne. In aka haɗa kuɗin na sama da yawan na ƙasa sai a ce ɓangaren ya fi kowa girma, kai kuma da digirinka ka faɗo tsakiya, sama ba gurbi ƙasa ba riba.

Ko alƙaluman rashin aikin ma ka bi su a hankali. NBS ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari ba su da aiki, a 2023 ta sauya ma'auni sai ga shi ya dawo 4.1, ba don an buɗe wata masana'anta ba, a'a, sabon ma'aunin ya ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a sati don neman kuɗi to mai aiki ne. Wato ranar da ka kafa lemarka ka cire wa mutum ɗaya dubu biyu, ka fita daga sahun marasa aiki a takarda. Ita hukumar da kanta ta ce sama da kashi 90 na masu aikin ba a tsararren aiki suke ba, ba takardar ɗauka ba fansho ba komai.

To me ya sa ake cunkushewa wuri guda? Ni a ganina abu biyu ne. Na farko ƙofar shiga. Duk sana'ar da za ka iya farawa gobe da safe, to maƙwabcinka ma zai iya, kuma za a yi ta shigowa har sai ribar ta sauko daidai kuɗin abinci, a nan take tsayawa don ƙasa da haka mutum ba zai fito ba. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne su wa za a yi wa hidimar. Mai aski yana aske mai Napep, mai Napep ya ɗauki mai POS, mai POS ya kai ɗinki, tela ya sayi data, kuɗi ɗaya ne ke zagayawa a gari. Sabon kuɗi yana shigowa Katsina ne ta albashi da kason da ke zuwa daga Abuja, da amfanin gona da dabbobin da muka sayar wa 'yan kudu, da cinikin kan iyaka. Shi ya sa duk ɗan kasuwar garin nan ya san ranar da aka yi albashi ko ba a faɗa masa ba. Da can audugar Funtua da Malumfashi tana da inda za ta, masaƙun Kaduna da Kano na aiki, sai masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi a 2007. Noman da ya rage kuma 'yan bindiga suka taso mutane daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Faskari. Ka tsayar da ɗan acaɓa a cikin gari ka tambaye shi daga ina, sau da yawa manomi ne da ya bar gonarsa. A da shi mai kawo kuɗi cikin gari ne yana sayen hidima, yau ya dawo yana sayar da ita, masu saye sun ragu masu sayarwa sun ƙaru.

Amma kada a ce na zagi gasa. Mu da muka ga 2001 mun san abin da take yi. Lokacin da MTN da Econet suka fara, layi kaɗai sai ka ajiye dubu ashirin ko fiye, minti ɗaya naira hamsin ko da sallama kawai ka yi ka kashe, kuma suka ce lissafin sakan ba zai yiwu ba tukuna. Glo na shigowa a 2003 da lissafin sakan, cikin ɗan lokaci duk suka iya. Kafin nan kuwa kusan NITEL ta gwamnati ce ita kaɗai, sai mai hanya ke da waya a gida. Da ba a buɗe wannan fagen ba da babu POS ɗin ma da muke magana a kai.

Tsohon Kashiya ya amsa:

Malam Allah ya ƙara sani, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa amma wannan yabon gasa na ƙarshe ina da ja a kai. Gasa daɗinta na mai saye ne, shi ma'aikaci a jikinsa ake yin ta. Na yi aiki a wani banki a nan Katsina, ba zan kama suna ba, mutane na ganinmu da taye da esi suna cewa mun haye, alhali ni ba ma'aikacin bankin ba ne ma, wani kamfani ne ya ɗauke ni ya ba su haya. Kwantiragi. Ni da na kusa da ni aiki ɗaya muke, kuɗi ɗaya muke ƙirgawa, shi albashinsa ya ninka nawa ya kuma, yana da ƙarin girma ni ba ni da shi, in lissafi ya yi gibi kuma a albashina za a cire. 'Yan maketin kuwa Allah sarki, a ɗora wa yarinya taget na miliyoyin da ko gidansu aka sayar ba za a samu ba, ta yi ta yawo ofis-ofis da shagunan 'yan kasuwa, in wata uku ba ta kawo ba a ce ta huta a gida.

Kuma ita gasar ba ta daɗewa a sama, manya haɗiye ƙanana suke. Soludo, yana gwamnan babban banki, ya ce a 2004 kowane banki ya kawo jarin biliyan 25, zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25, duk inda aka haɗe biyu kuwa rassa ake rufewa a sallami mutane. A 2024 an sake ɗaga jarin, manyan sai biliyan 500. Kamfanonin wayar da Malam ke yabo guda huɗu ne manya, a farkon 2025 tare suka je hukumar sadarwa ta NCC ta amince musu ƙarin kashi 50 a farashi, wa ya ƙi ƙarawa don ya ja kwastoma? Mai Lema ne kawai ke rage ɗari don na kusa da shi ya rage.

Abin da nake so Ɗan Ƙofar Marusa ya gane, aikin da mai POS ke yi yau aikina ne na da. Banki ya gano maimakon ya gina reshe a Kaita ko Rimi, ya sa janareta, ya ɗauki kashiya da mai gadi, gara ya bar wa wani yaro ya zo da jarinsa da lemarsa ya ɗauki haɗarin ɓarayi da kansa, ba albashi ba fansho. Aikin bai ɓace ba, fitar da shi aka yi daga cikin esi aka ajiye shi a rana. Kuma wani abin da mutane ba su sani ba, mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To makarantun kuɗi na cikin unguwa da kyamis da otal-otal ƙanana da gidajen abinci nawa ne suka kai haka? Shi ya sa mai makarantar nan ya kalli idonka ya faɗa maka wancan albashin, ya san in ka ƙi akwai masu NCE da digiri a bayanka da za su karɓa har da godiya.

Hajiyar Daura ta amsa:

Sannunku da hira. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, kuma ka riƙe maganar Hajiyarku da kyau ta fi duk abin da za mu faɗa maka a nan.

Ni ba boko mai zurfi na yi ba amma na daɗe ina kayan gara da abincin biki a nan Daura, alkaki, nakiya, dubulan, cincin, kuma abin da kuke kuka da shi mu mata ya same mu tuntuni. Da mu 'yan kaɗan ne aka sani a gari. Yanzu kowace yarinya da ta kalli bidiyo biyu a waya ta buɗe shago a sitatus ɗin WhatsApp, kuma farashin da suke sawa sai ka riƙe baki, don ita ba ta lissafa gas ba, ba ta lissafa wahalarta ba, mai da sukarin ma wani lokaci daga sitor ɗin maigida ta ɗiba, ita a ganinta duk abin da ya shigo riba ne. Ya za ka yi gasa da wadda ba ta san tana faɗuwa ba? Sai dai ka yi haƙuri ka jira, yawanci ba sa shekara. Waɗanda suka gudu wajensu kuma suna dawowa, don uwar amarya da aka taɓa kawo mata alkakin da ya yi tsami ranar kai gara ba sai an yi mata wa'azi ba.

Maganar Malam ta sabon kuɗi kuwa mu nan mun gan ta da ido. Da aka kawo mana kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, ɗalibai da ma'aikata suka shigo, masu gidan haya da masu abinci da masu wanki duk suka san an yi, in aka tafi hutu kuma gari ya yi tsit. Haka da aka rufe boda a 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Nijar, hanyar Kongolam ta mutu, ba 'yan kasuwa kaɗai suka ji ba, har mai tuwo a tasha da mai faci da yaran da ke dako. Mutanen Damagaram da ke zuwa mana sayayyar biki sai da muka daina ganinsu. Don haka in za ka kafa abu ka fara tambayar kanka kuɗin wa za ka ci, mai albashi ne ko ɗalibi ko baƙo, kada ka je ka zauna cikin waɗanda su ma jiran kwastoman suke.

Kuma Mai Lema, ku da kuke da yawa haka me ya hana ku haɗa kai ku tsayar da farashi ɗaya kamar yadda masu niƙa ke yi?

Mai Lema ya amsa:

Hajiya barka da dare, ai an gwada. 'Yan ƙungiyarmu na Legas sun fitar da farashi ɗaya a 2023, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fito ta ce haramun ne a doka, haɗa baki ne a kan talaka. Mu nan kau ko ba hukuma ba ya riƙuwa, a zauna a yi alƙawari da dare, da safe mai tireda shi karya don shi ba da cajin yake ci ba, so yake ka cira ka sayi omo a wajenshi. Na Tsohuwar Tasha kuma na ji ka, tumakin naka ka tambayi kuɗin buhun dusa tukuna.

Ɗan Ƙofar Marusa ya amsa:

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Gaskiya jikina ya yi sanyi da POS ɗin. To amma Malam, in duk mai sauƙin shiga ya cika, mai wuyar shiga kuma sai da miliyoyi ko da hanya, ni da ke tsakiya fa? Zaman gidan nan ya fara isata, ƙannena na kallona.

Injiniyan Sabuwar Unguwa ya amsa:

Ƙanena akwai ƙofar da ba kuɗi ke buɗe ta ba, lokaci ne, kuma shi ne 'yan digiri ba ku son bayarwa. Ni gyaran waya na fara, na yi zaman koyo a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ina share shago ina sayo wa oga abinci, daga baya na koma haɗa sola. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da ɗari biyu ta haura ɗari biyar har ta je ta wuce dubu, janareta ya gagari mutane, sai kuma duhun nan na Oktoba 2024 da layin wuta ya lalace Arewa ta kwashe sama da sati ba lantarki, daga nan duk mai ɗan hali ya ce sola. Masu kyamis saboda firij, masu sai da ƙanƙara, masallatai, makarantu, masu rijiyar burtsatse, har masu noman rani sun fara barin injin fetur suna sa famfon sola.

Ba wai mu ba mu cika ba ne, mun fara cika, kowa ya sayi mita da sukundireba ya zama injiniya. Bambancin shi ne a nan aikin banza yana tona kansa. An kira ni wani gida kwanan baya, an haɗa musu fanel da batir masu tsada amma aka ja siririyar waya irin ta fitila daga batir zuwa inbata, ba fiyus ba komai, robar wayar har ta narke ta manne da bango, Allah ne kawai ya tsare ba a yi gobara ba. Mai gidan ya biya wancan araha, ya zo ya biya ni na warware na sake. Yanzu duk danginsa ni suke kira kuma ba sa tambayar nawa wane ke yi. Mai cire dubu biyar ba ruwansa da wa ya miƙo masa, amma mai kayan miliyan biyu a kan rufi yana tantance wanda zai hau.

In ni ne kai, ba zan taɓa kuɗin nan ba yanzu. Ka bar su wajen Hajiya, ko a sa a wani abin da ba zai narke ba don ka san yadda naira take. Ka nemi wanda ya iya aiki da gaske, sola ko gyaran esi da firij ko wayarin ɗin gida ko gyaran waya na bod ba canza sikirin kawai ba, ka durƙusa ka koya ko shekara ce. Karatunka zai yi maka amfani wajen lissafin lodi da rubuta wa kwastoma kotashin, da yawan masu aikin nan a nan suke faɗuwa. Sai dai ka sani za ka hau kwano da azahar a watan Afrilu, kuma yaron da bai gama sakandare ba zai aike ka sayo ruwa.

Tsohon Kashiya ya amsa:

Injiniya shawararka ta yi, amma ka faɗa masa wa zai ciyar da shi a shekarar koyon, don ogogin yanzu ba kowa ke ba yaro ko na mashin ba. Kuma nan da shekara uku in an yaye irinsa ɗari a garin nan za mu dawo zauren nan mu ji kuna kukan da Mai Lema ke yi.

Injiniyan Sabuwar Unguwa ya amsa:

Wannan kuma gaskiya ne Yaya, ni dai nawa yaran ina ba su na abinci duk ranar da muka fita aiki, ranar da ba aiki kowa ya ci a gidansu. Ɗan Ƙofar Marusa in kana so ka turo min saƙo ta ciki, akwai aikin wata rijiya da za mu yi a hanyar Kaita ranar Asabar, ka zo ka gani da idonka kafin ka ce e ko a'a. Ka fara shawara da Hajiya, kuma kada ka zo min da shadda.